3.4 Gano Na'urorin Rage Gubar Hayaƙi a Injin Mai Kafireta da Matsalar Cire Su a Garejojin Birnin Kudu da Gwaram

3.4.1 Shimfiɗa

A wannan sashe za a yi bayani a kan na'urorin da ake ɗaura wa injin mota domin rage gubar hayaƙi, da yadda bakanike zai gane kowace kafin ya yanke shawarar cire ta. Birnin Kudu da Gwaram suna kudancin Jihar Jigawa, a kan babbar hanyar da ta taso daga Kano ta bi ta Wudil, don haka gyaran motocin haya da na ɗaukar kaya ranar kasuwa ya zama sana'ar mutane da dama. Makanikan farko sun koyi aiki ne a kan motoci irin su Peugeot 504 da aka riƙa harhaɗawa a Kaduna tun 1975, waɗanda injinsu ba shi da tarkace. Da motocin Kwatano suka shigo, sai aka tarar da tiyo-tiyo da bawul-bawul da ba a saba gani ba, kuma hanya mafi sauƙi ita ce a tsige su baki ɗaya.

3.4.2 Asalin Na'urorin

Dokokin ƙasashen da aka ƙera motocin dominsu ne suka kawo waɗannan na'urori. Amurka ta kafa dokar tsaftar iska a 1970, kuma daga 1975 mafi yawan sababbin motocinta suka fara zuwa da tukunyar tace hayaƙi. Turai ta tsaurara nata ƙa'idojin a 1992. Sai dai fetur mai dalma, wanda ƙasashen Afirka kudu da Sahara ba su gama barinsa ba sai farkon 2006, yana kashe wannan tukunya. Ke nan cire ta yana da dalili a wancan lokaci, amma dalilin ya kau.

3.4.3 Yadda Ake Gane Su

(i) Bawul ɗin PCV: ƙarami ne, yana kan murfin saman injin, tiyonsa ya nufi ƙarƙashin kafireta. Aikinsa zuƙe tururin da ke taruwa cikin injin. Ba a cire shi, domin idan aka toshe hanyarsa baƙin mai zai yi kauri, ya kuma riƙa yoyo ta gaskit.

(ii) Bawul ɗin EGR: yana kama da ƙaramin faifan ƙarfe a jikin manifol, da siririn tiyo a kansa. Yakan mayar da ɗan hayaƙi cikin injin don rage zafin ƙuna. Idan baƙin hayaƙi ya maƙale shi a buɗe, mota takan yi rawa a silo ko ta mutu. Sau da yawa wanki kawai yake bukata.

(iii) Gwangwanin gawayi: baƙi ne, tiyo ɗaya ya zo masa daga tanki. Yana riƙe tururin fetur har injin ya ƙone shi, kuma ba ya rage wa mota ƙarfi ko kaɗan.

(iv) Famfon iska: bel ne ke juya shi, yana tura iska cikin manifol ɗin hayaƙi domin ragowar fetur ya ƙarasa ƙonewa.

(v) Tukunyar tace hayaƙi, wadda makanikai ke kira indomi: tana jikin bututun salansa. Idan ta toshe, mota takan kasa hawa tudu, bututun kuma ya yi zafi ƙwarai.

3.4.4 Abin da Ke Biyo Bayan Cirewa

Idan na'ura ta lalace kuma ba a sami madadinta ba, cirewar ma tana da ƙa'ida. Duk tiyon da aka zare daga kafireta sai an toshe bakinsa, in ba haka ba iska za ta shiga ba bisa awo ba, silo ya ɓaci. A nan ne wasu kan ƙara wa kafireta mai don ɓoye matsalar, sai direba ya koma yana kukan shan mai. Haka kuma, idan aka rufe gurbin EGR da farantin ƙarfe, wajibi ne a sake saita tayimin, domin injin kan fara ƙwanƙwasa idan ya ɗauki kaya, musamman a zafin bazara, wannan kuwa yana cin fistin. Bugu da ƙari, tiyon tanki ba a toshe shi, ba a kuma barinsa a sake kusa da injin: na farko yana hana mai saukowa, na biyu yana iya jawo gobara.

Ta fuskar doka, hukumar NESREA da aka kafa a 2007 tana da ƙa'idojin hayaƙin ababen hawa na 2011. Ta fuskar lafiya kuwa, yaran gareji da masu talla a tasha su ne suka fi shaƙar gubar da aka saki.

3.4.5 Naɗewa

Daga bayanan da suka gabata, za a fahimci cewa waɗannan na'urori ba abu ɗaya ba ne. Biyu daga cikinsu, wato PCV da gwangwanin gawayi, amfaninsu ga mai mota ya fi barinsu. Sauran ukun kuwa a fara gwada su, a wanke ko a canza, kafin a yi maganar cirewa. A sashe na gaba za a duba yadda ake saita kafireta bayan irin wannan aiki.