Ɗan Abokiyar Zama da Inshorar Lafiya a Amurka

Kafin a fahimci wannan magana, wajibi ne a san cewa a Amurka ba gwamnati ce ke ɗaukar nauyin asibitin yawancin ma'aikata ba. Wurin aikin mutum ne ke saya masa inshorar lafiya, shi da iyalinsa. Asalin wannan tsari kuwa yaƙin duniya na biyu ne. A 1942 gwamnati ta ƙayyade ƙarin albashi, sai kamfanoni, da yake suna neman ma'aikata ido rufe, suka koma jawo mutane da inshora. Dokar haraji ta 1954 ta tabbatar da cewa abin da kamfani ya biya na inshorar ma'aikaci da iyalinsa ba za a cire masa haraji a kai ba. Tun daga nan kalmar "iyali" ta zama kalmar kuɗi, kowa na son sanin iyakarta.

A ɗauki misalin ma'aikacin da ke zaune da mace ba tare da aure ba, irin zaman da Bahaushe ke kira zaman dadiro, wanda ya yawaita a can, hukuma kuma ba ta hukunta masu yinsa. Matar ta zo da ɗa daga wani mijin. Wannan ma'aikaci shi ke ciyar da yaron, shi ke biyan kuɗin haya, shi ke kai shi makaranta. Ranar da ciwo ya kama yaron, ko inshorar mutumin za ta biya?

Doka ta bambanta yara uku waɗanda a idon maƙwabta duk ɗaya ne. Na farko shi ne ɗan da ma'aikacin ya haifa da kansa ba ta hanyar aure ba. Wannan ba shi da matsala, domin tun 1993 dokar tarayya ta hana a ƙi sa yaro cikin inshorar ubansa don kawai an haife shi ba aure, ko don ba ya zaune tare da uban. Na biyu shi ne agola, watau ɗan matar da aka aura. Dokar lafiya ta 2010, wadda Shugaba Obama ya sa wa hannu, ta ce duk inshorar da ke ɗaukar 'ya'ya sai ta riƙe su har su cika shekara 26, kuma 'ya'yan da dokar haraji ta lissafa sun haɗa da na ciki, da agola, da wanda aka mai da shi ɗa a gaban kotu, da ɗan riƙon da hukuma ko kotu ta danƙa wa mutum. Na uku shi ne yaron misalin nan. Ba ya cikin wannan jeri. Ba agola ba ne, tun da ba a ɗaura aure ba, komai daɗewar zaman.

Saboda haka maganarsa ta koma ga ra'ayin mai kamfani. Tun 1982, lokacin da jaridar Village Voice ta birnin New York ta fara ba abokan zaman ma'aikatanta inshora, wasu wuraren aiki sun bi sahu, wasunsu har da 'ya'yan abokan zaman. Galibi sukan nemi takardar rantsuwa da shaidar cewa gida ɗaya ake zaune, aljihu ɗaya ake ci. Amma wannan kyauta ce, ba tilas ba. Ko jihar da ta so tilastawa ma hannunta a ɗaure yake a kan manyan kamfanonin da ke biyan kuɗin asibitin ma'aikatansu daga asusunsu, domin wata dokar tarayya ta 1974 ta fid da su daga ƙarƙashin dokokin inshora na jihohi.

Ko da kamfani ya yarda, da sauran rina a kaba. Rangwamen harajin nan na 1954 bai kai ga wannan yaro kai tsaye ba. Abin da kamfani ya biya dominsa za a lasafta shi tamkar ƙarin albashi, a cire wa ma'aikacin haraji a kai. Ba ya kuɓuta sai in yaron ya zauna gidansa shekarar gaba ɗaya, shi ne ya ɗauki fiye da rabin nauyinsa, kuma yaron bai shiga lissafin harajin wani ba. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ke ka da mutane da yawa, domin idan uwar tana aiki tana biyan haraji, yaron nata ne a lissafi.

Mafita ta farko a fili take: in aka ɗaura aure, yaron ya zama agola nan take, kuma ana ba da ɗan lokaci na musamman a sa shi ba sai an jira ƙarshen shekara ba. Akwai kuma inshorar uban da ya haife shi, wadda kotu ke iya tilasta wa ta ɗauke shi. Sa'an nan akwai shirin gwamnati na Medicaid, na 1965, da na yara mai suna CHIP, na 1997, domin masu ƙaramin ƙarfi. A nan abin ya juye: da yake a idon doka mutumin baƙo ne ga yaron, yawanci ba a haɗa albashinsa cikin samun gidan, sai yaron ya cancanci taimakon da aure zai iya hana shi.

Ma'aikacin gwamnati a Nijeriya ba zai ji wannan tambaya baƙuwa ba, ko da yake iyakar da aka shata a nan ta fi ƙunci. Shirin inshorar lafiya na ƙasa, wanda aka kafa da dokar 1999, ya fara aiki a 2005, ya tanadi ma'aikaci da matar aure ɗaya da 'ya'yan cikinsa huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Agola, da ɗan ƙane da ake riƙo, da mace ta biyu, duk sai an yi musu rajista dabam an biya ƙarin kuɗi.