Barasa da saƙon salula: yadda sakan biyar ke cin rai bisa hanya

Duk wanda ya saba bin hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta tashi daga Yamai ta ratsa Doso, Ƙonni, Maraɗi da Damagaram har Diffa, ya taɓa ganin direba da hannu guda bisa sitiyari, guda riƙe da salula. Cikin gari kuwa, ɗan kabu-kabu ne ke duba saƙo ga fasinja a bayansa. Akwai kuma mai ɗaukar mota da dare bayan ya sha barasa. Ciwonsu ɗaya ne: kowane na ganin hankalinsa na tare da shi, alhali ba haka ba ne.

Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ce haɗarin hanya na kashe mutum kusan miliyan 1 da dubu 190 kowace shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kisan yara da matasa ƴan shekara 5 zuwa 29. Lamarin ya fi muni a Afirka in aka kwatanta da yawan jama'a.

Abin da barasa ke yi wa direba

Barasa na shiga jini, ta kai ƙwaƙwalwa. Can take rage kaifin gani, ta jinkirta ƙafar da za ta taka birki, ta ɓata auna tazara. Abin da ya fi haɗari shi ne tana cire tsoro da kunya. Mai sanyin hali sai ya koma mai gardama, mai tafiya sannu ya shiga gudu da wuce mota inda bai dace ba.

OMS ta ba ƙasashe shawarar kada a bari barasa ta wuce giram 0,5 cikin litar jinin direba, sabbin direbobi kuma 0,2. Wannan ce dokar Faransa. Amma haɗarin na somawa tun kafin a kai wannan iyaka. Hanta ce ke fidda barasa, kuma a hankali take yi, wajen giram 0,10 zuwa 0,15 a awa guda. Goro, shayi, kafe ko wanka da ruwan sanyi ba su gaggauta aikinta. Wanda ya sha da yawa da dare na iya wayewa da saura a jininsa.

Abin da salula ke sacewa

Mai rubuta saƙo yana tuƙi ya ba da abu uku a lokaci guda: idonsa, hannunsa da hankalinsa. Lissafin ba shi da wuya. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin mita 22 kowane sakan. In direba ya ɗauki sakan 5 yana karanta saƙo, ya yi mita 110 a makance, tsawon filin ƙwallo ke nan. Cikin wannan tazara ɗan lakwal na iya tsallakawa, ko amalanken jaki ya fito.

A cewar OMS, direban da ke amfani da salula ya ninka saura wajen sau 4 a yiwuwar yin haɗari. Maƙala na'urar saurare a kunne ba ya rage haɗarin sosai, don hankali na can wurin hira.

Laifin ba na direba kaɗai ba ne

WhatsApp ya koya wa jama'a jiran amsa nan take. Wanda ya ga an karanta saƙonsa ba a amsa ba sai ya ɗauka raini ne. Shi ya sa direba ke amsa wa maigida, mata ko mai kaya yana cikin gudu. Haka abokai a fada ko wurin biki ke barin wanda ya sha ya hau babur, don gudun ɓacin rai. Fasinjoji ma sukan yi shiru saboda kunya.

Nijar na da hukumar kiyaye haɗarin hanya, ANISER, ga jandarmomi da ƴan sanda, sai dai ba sa cikin kowace mota. Direba na iya kaucewa gefe ya tsaya kafin ya duba salula. Wanda ya san ɗan'uwansa na bisa hanya ya jira ya isa. Wanda ya sha a karɓe masa makulli a kai shi gida. Fasinjan da ya ga direba na latsa waya kuwa yana da ikon cewa: "Malam, don Allah aje ta, ko ka sauke ni nan."