Tsallen igiya ba wasan banza ba ne

A filin lakwal, lokacin shan iska, yara suna tsallen igiya. Biyu suna kaɗawa, guda yana tsalle a tsakiya. Wasu iyaye suna cewa wasan banza ne, har su hana ɗiyansu. Alhali kuwa wasan nan yana ƙara ma zuciya da numfashi ƙarfi.

Zuciya tsoka ce. Girmanta kamar dunƙulen hannun mai ita. Aikinta shi ne tura jini ko'ina cikin jiki. In ɗan lakwal yana zaune, zuciyarsa tana bugawa kamar sau 70 zuwa 110 cikin minti guda. In ya fara tsalle, ƙafafu suna neman ƙarin jini, sai bugun ya ƙaru. Yadda noma yake ƙarfafa damtse, haka tsalle yake ƙarfafa zuciya. Bayan ƴan watanni, kowane bugu yana tura jini fiye da dā.

Huhu kuma kamar zugazugin maƙeri yake. Wutar maƙera ba ta kamawa sai da iska. Jiki ma haka. Huhu yana jawo iska, jini ya ɗauka ya kai ma tsoka. Yaron da ya saba da tsalle, naman ƙirjinsa mai jan numfashi yana yin ƙarfi. Ba ya saurin haki in ya yi gudu ko ya ɗauko ruwa daga rijiya.

A shekarar 2020, Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ce yaro mai shekara 5 zuwa 17 yana bukatar motsa jiki minti 60 kowace rana. Tsallen igiya yana cikin lissafi.

Wasan ba ya cin kuɗi. Igiyar kaba ko ta rama ta isa. Yaro ya taka tsakiyarta. In bakinta biyu sun kai hammata, ta yi daidai. A share fili saboda ƙaya da ƙarangiya. A fara da minti guda, a huta, a sake. Da bazara, a yi da safe ko da marece, a sha ruwa.

Yaro mai zazzaɓi ya dakata sai ya warke. Mai fuka, ko amosanin jini, ko ciwon zuciya, a fara kai shi likita a nemi shawara. Wanda ya ji jiri ko ciwon ƙirji ya tsaya nan take. Sauran yara, mata da maza, a bar su su yi tsallensu.