Abin da ya kamata ku sani game da BIM: a gina a kwamfuta kafin a haƙa harsashi

Ranar 12 ga Yulin 2024, benen makarantar Saints Academy da ke Busa Buji a Jos ya rufta wa ɗalibai suna cikin aji, mutum 22 suka rasu. Makarantar ta kuɗi ce, amma duk mai ɗa a firamaren gwamnati a Nasarawa Gwom yana da hakkin tambaya: rodi nawa aka sa a ginshiƙin ajin ɗana, kuma wa ya duba?

Akwai wani tsari da injiniyoyi ke kira BIM wanda zai iya ba da amsa. Maimakon zane a takarda, ana tsara ginin gaba ɗaya a kwamfuta da manhaja irin su Revit, kowane bango da ginshiƙi ɗauke da bayaninsa: kaurin rodi, yawan siminti, farashi, da lokacin da za a gama. Mai zane da injiniya da mai ƙiyasin kuɗi duk a kan abu guda suke aiki. Idan bututun ruwa zai ratsa ginshiƙi, a allon kwamfuta za a gani, tun birkila bai ɗora bulo ba.

Ga aikin da ake yi da kuɗin jama'a, nan ne amfaninsa ya fi girma. Kwamfuta na lissafa kayan aiki daga tsarin kai tsaye, don haka aringizo na wahala, haka ma ɗan kwangilar da zai dawo tsakiyar aiki ya ce a ƙaro kuɗi. Bayan shekaru, mai gyara zai buɗe tsarin ya ga inda kowace waya ta bi. Gwamnatin Birtaniya ta wajabta BIM a ayyukanta tun 2016.

Sai dai manhajar da tsada, tana buƙatar wuta da ƙwararru, kuma ba za ta hana a rage siminti a wurin aiki ba in babu mai zuwa ya duba. A ganina, ya kamata gwamnatin Filato ta fara da manyan ayyuka kamar sake gina kasuwar Terminus da ta ƙone a 2002, ta horar da ma'aikatan hukumar raya birnin Jos (JMDB) tare da Jami'ar Jos. Ku kuma masu unguwanni da shugabannin matasa, duk ranar da aka zo aza harsashin asibiti ko aji a unguwarku, ku nemi a nuna muku tsarin ginin da lissafin kayansa.