Daga Bakin Jama'a Zuwa Shafin Ƙamus

Duk wanda ya taɓa buɗe ƙamusun G. P. Bargery na 1934 zai ga sawun tafiya a cikinsa. Wannan kalma an ce ta Sakkwato ce, waccan ta Katsina, wata kuma sai a Haɗejiya ko Katagum ake jin ta. Shekaru Bargery ya kwashe yana zagaya ƙasar Hausa da taimakon malamai 'yan ƙasa, yana tambaya yana rubutawa, har ya tara kalmomi kusan 39,000. Kafinsa J. F. Schön ya fitar da nasa a 1876, ya kuwa dogara ƙwarai da Dorugu, yaron nan Bahaushe da Heinrich Barth ya tafi da shi Turai. Bayansa R. C. Abraham ya zo da nasa a 1949, cike da misalan jimloli.

Tattarawa ita ce matakin farko, amma ba ita ce mai cin rai ba. A da kowace kalma katinta daban: a rubuta jinsinta, jam'inta, yankin da ake faɗinta, sannan a nuna tsawon wasali da karin sauti, abubuwan da rubutunmu na yau da kullum ba ya bayyanawa. Baba mahaifi da baba na marina rubutunsu ɗaya, murya ce ke raba su, don haka ƙamusun da ya bar wannan alama ya bar mai koyo a duhu.

Sai ma'ana, inda gumi yake. Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero, wanda Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta fitar a 2006, ya ɗauki nauyin da ƙamusoshin Turawa ba su ɗauka ba: bayyana Hausa da Hausa. Babu damar fakewa da kalmar Ingilishi guda. Dole a zauna a fayyace mene ne kunya, me ya bambanta ta da kara, cikin jimla gajeriya da ɗan sakandare zai gane. A ganina wannan aiki ne ya nuna harshen ya tsaya da ƙafarsa, kuma ɗalibi da mai fassara da mai karanta labarai a rediyo duk suna morarsa.

Abin da ke damuna shi ne kalmomin sana'a. Marinan Ƙofar Mata, majema, maƙera, masaƙa, masuntan Argungu, kowannensu yana da sunayen kayan aiki da na matakan aiki waɗanda ba a jin su a kasuwa. Idan sana'a ta ja baya, tsofaffinta suna tafiya da su. Yanzu kuwa wayar hannu na ɗaukar murya da hoto, kwamfuta na jera kalmomi cikin ƙiftawar ido. Sassan nazarin Hausa na jami'o'inmu, daga Kano da Zariya da Sakkwato har Yamai, za su iya ba kowane ɗalibi sana'a ɗaya ta garinsu, ya zauna da masu ita lokacin hutu, ya dawo da kalmomin da jimlolin da aka faɗe su a ciki.