"Paris ta biyu": Wace kalmar Turanci ce ta dace da dariyar da ake yi a kan wahalar Arlit?

Duk ɗan Arlit mazaunin Landan ko Amurka da ya taɓa gaya wa abokin aikinsa cewa ana yi wa garinsu laƙabi da "Paris ta biyu" ya san tambayar da ke biyo baya: da gaske ake faɗa, ko da wasa? Amsar ita ce duka biyun, kuma daga nan Turanci ke fara yi masa gardama.

Asalin sunan yabo ne. Yuraniyom ne ya haifi Arlit a tsakiyar hamada, kimanin kilomita 240 arewa da Agadas. An kafa kamfanin SOMAÏR a 1968, ya fara fitar da ma'adinin a 1971, sannan COMINAK ya bi baya a Akokan a 1978. A lokacin farashi ya yi sama, akwai albashi mai tsoka, akwai lantarki, jama'a na kwarara daga sassan Nijar da ƙasashe maƙwabta. Da farashin ya karye a shekarun 1980, kuɗi suka janye, sunan kuma ya zauna daram. A 2005 Idrissou Mora-Kpai, ɗan ƙasar Benin, ya sa wa fim ɗinsa wannan suna, alhali abin da ke ciki titunan ƙura ne da tsofaffin ma'aikata masu fama da ciwo.

Abin da ake yi wa dariyar ba ƙarami ba ne. A ƙarshen 2009 ƙungiyar Greenpeace ta auna wani wuri a titunan Akokan, ta ce tururin nukiliyar da ke wajen ya ninka na al'ada kusan sau 500. Ranar 31 ga Maris 2021 aka rufe COMINAK, ma'aikata kusan 600 suka rasa aiki, aka bar tsaunin sharar ma'adinai da aka ƙiyasta ya kai tan miliyan 20. Kamfanin Orano na Faransa, wanda a da ake kira Areva, ya ce yana bin ƙa'ida kuma yana aikin rufe sharar. Ƙungiyar Aghir In'man ta Almoustapha Alhacen, wanda shi kansa ya yi aiki a ma'adinan, ta shafe sama da shekara 20 tana cewa ba haka mazauna garin ke gani ba.

To, da wace kalma za a fassara raha a kan irin wannan?

Da yake da Faransanci aka yi boko a Nijar, abin da ke fara zuwa baki shi ne humour noir, kalmar da marubuci André Breton ya yayata da littafinsa na 1940. Takwararta a Turanci ita ce black humour ko dark humour, wato barkwanci a kan mutuwa, cuta ko bala'i. Matsalarta faɗi. Tana bayyana abin da aka yi wa dariya, amma ba ta faɗin wanda ya yi dariyar.

Hausa kuwa ta nan take farawa. Idan tsohon mahaƙi ya yi tari, ya kalli ƙurar da iska ke kwasowa daga wajen kamfani, ya kira garinsa Paris, gatse ya yi, kuma abin da ke fuskarsa yaƙe ne, wanda Bahaushe ya ce ya fi kuka ciwo. Idan wanda bai taɓa shaƙar ƙurar ba ya ɗauko tsohuwar ba'ar nan da ake yi wa garuruwan nukiliya, wai mutanensu na haske cikin duhu, wannan izgili ne, ko dariyar ƙeta. Magana ɗaya, baki biyu, hukunci biyu. Ko wasan taubasantaka, irin na Fulani da Barebari, wanda UNESCO ta sa na Nijar cikin kayan gadon duniya a 2014, sharaɗinsa shi ne wanda aka tsokana yana da damar ramawa. Marar lafiya a gadon asibiti ba shi da wannan dama.

Don dariyar mai ciwon, mafi kusa a Turanci ita ce gallows humour, wato barkwancin wanda ke tsaye a gindin igiyar rataya. Ta dace ta wajen cewa mai wahalar ne ke magana. Sai dai wanda za a rataye ya san ranarsa, shi kuwa mazaunin Akokan yana shan ruwa, yana shaƙar iska shekara da shekaru bai san abin da ke taruwa a jikinsa ba. Kalmar sardonic ta fi kama ɗacin muryar. An ce ta samo asali ne daga wata ciyawa ta tsibirin Sardiniya da ke murɗe fuskar wanda ya ci kamar yana dariya, alhali mutuwa yake yi.

Don dariyar ɗan kallo kuma, masu Turanci kan miƙo schadenfreude, wadda suka aro daga Jamusanci. Ba ta zauna daidai ba, domin ma'anarta jin daɗin masifar wani, abin da Hausa ta gama da "Allah ya ƙara". Yawancin masu ba'a da Arlit ba murna suke yi ba, ko oho ne kawai. Kalmar da ta dace da su ita ce callous, wadda asalinta kanta ce, irin wadda ke fitowa a tafin hannun manomi har ya daina jin ƙaya. Ita ma cynical gefe ta kama: mai ita ya yanke ƙauna da kowa, yana ganin ko Faransa ko gwamnati, duk kanwar ja ce. A haɗa su, callous mockery ko sick joke, an kusa da abin da Bahaushe ke nufi da ƙeta.

A watan Yunin 2025 gwamnatin soja ta Nijar ta sanar da mayar da SOMAÏR hannun ƙasa, Orano kuma na ƙalubalantar matakan Yamai a gaban masu sasanci na duniya. Sharar COMINAK tana nan inda take, kilomita kaɗan daga gidajen Akokan.