Kwanon Waje: Cin Abinci a Tasha da Kasuwa a Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa

Baƙon da ya sauka a Ƙanƙara ko Faskari ko Sabuwa yana cigiyar gidan abinci mai ƙofar gilashi da takardar farashi zai sha yawo, ƙarshenta a nuna masa hanyar Funtuwa. Mashaya kuwa ba a ma kawo zancenta, don tun shekarar 2000 da jihar Katsina ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci, a zamanin Gwamna Umaru Musa 'Yar'aduwa, giya ba ta da rumfa a fili. Amma in cin abinci a waje ake nufi, da wuya ka sami magidanci ko saurayi a waɗannan garuruwa da rana za ta fito ta faɗi bai sa abin saye a bakinsa ba. Gidajen abincinmu su ne benci a gindin dalbejiya, da rumfar zana a bakin tasha, da teburin mai shayi, da tukubar mai tsire.

Ana sallame sallar asuba kaskon ƙosai ya riga ya ɗau zafi, ga koko a gefe, ga mai waina tana juya tanda. Da hantsi sai 'yan ɗanwake da awara da dafaffen rogo su fito. Azahar ta masu shinkafa da wake ce, garau-garau da mai da yaji, tare da Fulani masu fura da nono. Bayan la'asar hayaƙin balangu ya tashi, da magariba kuma masu tuwo-tuwo su sauke tukwane, a yanka maka malmala gwargwadon kuɗinka, a tambaye ka kuka ko kuɓewa. Mai shayi shi ne na farkon fitowa, shi ne na ƙarshen tashi.

Teburin nan nasa ya cancanci a tsaya a dube shi. Gwangwanayen madara a jere, burodi an gina shi kamar katanga, kiret ɗin ƙwai a ƙasa, butar shayi tana huci a kan gawayi, rediyo na magana a rataye. Mai hali ya ce a haɗa masa mai kauri, a soya indomi da ƙwai biyu. Marar hali ya ce, "Malam, ruwan bunu da rabin burodi," ba wanda zai ɗaga kai ya dube shi. Can ƙarƙashin ledar tebur akwai ɗan littafin da ake rubuta bashi, kuma rabin unguwa na da shafi a ciki. A nan ake jin nawa aka sayar da buhun masara a Ɗandume, wace hanya ce ta yi kyau yau, wa masu garkuwa suka sako, wa ake haɗa wa kuɗin fansa. Indomin ita kanta baƙuwa ce. Sai a tsakiyar shekarun 1990 aka fara sarrafa ta a Ota ta jihar Ogun, amma yau yaro zai rantse da ita kakansa ya girma.

A da, cin abinci a kasuwa abin kunya ne ga mai iyali. In aka ga magidanci a bencin mai tuwo, sai a fara raɗe-raɗin ko uwargida ta yi yaji. Tuwon saye na gwauro ne da matafiyi. Abin da aka sani shi ne ciyayya: bayan magariba kowane gida ya fito da akushinsa ƙofar gida, maƙwabta su haɗu su ci, baƙo ma ya sa hannu. Sai dai ko a wancan zamanin, abincin saye bai taɓa yankewa ba, ta bayan gida yake bi. Baturiyar nan Polly Hill, wadda ta yi bincike a Ɓatagarawa kusa da Katsina a ƙarshen shekarun 1960, ta nuna yadda matan kulle ke tafiyar da babban ciniki daga cikin ɗakunansu, su dafa, su soya, yara su kai talla. Har gobe haka abin yake. Kaso mai yawa na abin da ake ci a tashar Ƙanƙara ko kasuwar Sheme a tsakar gidan wata aka girka shi, wadda mai ci bai taɓa ganin fuskarta ba, balle madafarta.

Hanya da kasuwa su ke riƙe da wannan sana'a. Titin Funtuwa zuwa Gusau ya ratsa ƙasar Faskari ta Mairuwa da Sheme da 'Yankara kafin ya shiga Tsafe. Ta Sabuwa ake bi daga Ɗandume a nufi Birnin Gwari. Ƙanƙara kuma mahaɗa ce ga mai zuwa Katsina ko Malumfashi. Yanki ne na noma, masara da dawa da waken suya da auduga, don haka da kaka garuruwan cike suke da 'yan sari da direbobi da 'yan dako da leburorin gona, kowa da cikinsa, ba kowa da murhu ba. Ranar kasuwa guda tana iya ciyar da gidan mai abinci har mako ya zagayo.

Shi ya sa matsalar tsaro ta daki masu abinci tun kafin a lura da su. Duniya ta san Ƙanƙara ne a daren 11 ga Disamba, 2020, da aka kwashe ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya fiye da 300. Amma mutanen yankin sun daɗe suna auna lafiyar gari da lokacin tashin mai shayi: in ya kai sha biyun dare, gari lafiya, in ya naɗe tebur da an idar da isha'i, to kowa ya nemi gida. A ƙarshen watan Agusta na 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi da dama, har da waɗannan ukun, sannan a watan Satumba aka katse layukan waya. Ko me mutum zai ce game da amfanin matakan, an san wanda ya fara jin su a jika. In ba mota ba direba, in ba kara ba mahauci, in ba mahauci ba mai tsire, ba mai farfesu, ba yarinyar da ke kai musu ruwa.

A wani ɓangaren kuma, rikicin ya ƙara yawan masu ci a waje da masu sayarwa lokaci guda. Mutanen ƙauyuka sun tattaro sun dawo cikin gari, wasu a ɗakin aro, wasu a kangon da ba madafa. Wanda rumbunsa ke cike a da, yanzu da kwano yake aika yaro. Matar da aka kashe mijinta ta bar ta da marayu, sana'ar da ta fi kusa da hannunta ita ce ta ari kasko ta fara suyar awara. Sai ga ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023, sai cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu na shekarar, farashin komai ya tashi. Gidaje da yawa sun gano cewa sayen dafaffe ya fi musu sauƙi a kan hura wuta, don itace da mai da magi kaɗai sun cinye kuɗin cefanen. Abin da ya kasance na gwauro da matafiyi ya zama abincin yara da tsofaffi da masu ciki. A nan ne maganar tsafta ta tashi daga zancen ƙyanƙyami ta koma zancen rai.

A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 600 ke kamuwa da ciwo kowace shekara saboda gurɓataccen abinci, 420,000 su mutu, kuma Afirka ce ta fi jin jiki idan aka kwatanta da yawan jama'arta. A 2021 kwalara ta kama fiye da mutum 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 3,500, Katsina na cikin jihohin da ta fi yi wa ɓarna. Mu kuwa in ciki ya ɗauka sai mu ce shawara ce ko basir, ko mu ce an yi mana baki.

Mafi yawanmu inda muke dubawa ba nan haɗarin yake ba. Muna kallon kyan rumfa da farin kwano. Alhali rumfar zana da ake kwashe ƙosai daga mai zuwa hannunka ta fi wani shago mai fanka da ya dafa shinkafa tun safe ya rufe a kula. Wuta tana kashe ƙwayoyin cuta. Abin da ke raya su shi ne ɗumi-ɗumi, tsakanin digiri 5 da 60 a ma'aunin zafi, kuma ƙa'idar masana ita ce kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye ba a kan wuta ba, ba cikin sanyi ba. Yanzu a tuna zafin watan Afrilu, a tuna tiren shinkafa da wake da ya bar gida da hantsi yana yawo har la'asar. Shinkafa tana da wata ƙwayar cuta da dahuwa ba ta kashe irinta. In ta huce ta daɗe sai ta tsiro ta zuba guba, kuma ɗumame ba ya karya wannan gubar. Miyar da ta kwana, a tabbatar ta tafasa sosai, ba a ɗan nuna mata wuta ba.

Sai ruwa, wanda a ganina shi ne babban mai laifi. Duba bayan bencin mai tuwo: roba biyu, ɗaya ta wanki, ɗaya ta ɗauraya. Da safe ruwan garau yake. Kafin azahar ya yi kauri, mai na yawo a kansa, kuma duk kwanon da aka ci da shi ta nan zai bi ya dawo gaban wani. Ga kwanon wanke hannu guda, mutum goma sun tsoma, na sha ɗaya ya zo ya wanke nasa a cikin dauɗar goman. Ga moɗa ɗaya a bakin randa. Ta nan taifot da kwalara ke wucewa, ba ta cikin tuwon da aka kwashe da zafinsa ba. Ban ga laifin matar ita kaɗai ba, don jarkar ruwa kuɗi ce a hannun 'yan garuwa, kuma ribarta duka ba ta taka kara ta karya ba. Amma buta da ɗan sabulu, a zuba wa mutum ruwa ya zube ƙasa, ba su fi ƙarfin kowa ba. Zoɓo da kunun zaƙi da ƙanƙarar da ake jefawa a ciki, da latas da kabejin da ake yaryaɗawa a kan shinkafa, duk ba su ga wuta ba, lafiyarsu lafiyar ruwan da aka yi su da shi ce. Nonon da ba a dafa madararsa ba kuma yana iya ɗauko tarin fuka daga saniya.

Akwai kuma illar da ba ta nuna kanta a ranar. Man da aka soya awara da shi jiya, aka ƙara sabo a kai yau, har ya yi baƙi yana kumfa. Tsire a takardar buhun siminti ko tsohuwar jarida, tawada na narkewa a jikin nama. Koko mai tururi a farar leda. Hukumar NAFDAC ta haramta sinadarin bromet a burodi tun zamanin Dora Akunyili, ta kuma sha yin gargaɗi a kan zuba maganin ƙwari irin su Sniper a cikin wake, da nuna ayaba da mangwaro da kabaid, da jefa farasitamol a tukunya don nama ya yi saurin laushi. Gishiri ma abin lura ne: abin da ake so kada babba ya wuce giram 5 a yini, ƙasa da cikin ƙaramin cokali, amma faranti guda na indomi da aka ƙara wa dunƙulen magi da yaji ya kusa cinye wannan kason. Mai hawan jini da ke karyawa a tebur kullum ya kamata ya san haka.

Mu masu saye ma da namu. Muna son malmala ta yi girma, farashi kada ya motsa, a kuma yi mana gyara. "Haba Inna, ƙara miya mana." Ita kuwa ta auno masara da tsada, to ta ina za ta fitar? Sai ta rage mai, ta ƙara ruwa, ta ƙi zubar da kwantan jiya. Araha ba ta ado. Ga masu cin bashi su sauya hanya, waɗanda sun durƙusar da teburin shayi fiye da yadda tsadar sukari ta yi. Ga kuma 'yan matan da muke saye a hannunsu da ƙarfe goma na safe ranar makaranta, ko da dare a tasha cikin 'yan kamasho, ba mu taɓa tambayar kanmu me ya sa suke nan ba.

Dattawa suna tuna zamanin duba-gari, lokacin En'e, da ma'aikaci zai leƙa randa ya buɗe tukunya, in ya ga ƙazanta a ci tarar mutum. Har yanzu kowace ƙaramar hukuma tana da jami'an kula da tsaftar muhalli, kuma mahauta na da Sarkin Fawa, direbobi na da ƙungiya mai iko da tasha. In za a yi gyara, ta hannunsu ya fi sauƙi, amma ba da kora da kifar da tukunya ba, don mai tukunyar marayu take ciyarwa. Famfo ko rijiyar burtsatse a kowace tasha da kasuwa, da makewayi nesa da rumfunan abinci, da duba dabba kafin a yanka, za su rage cuta fiye da rasit ɗin tara.

In kuma tsautsayi ya faɗa, amai da gudawa suka kama wani bayan ya ci a waje, abin da ke kisa shi ne ƙarewar ruwan jiki, wani lokaci cikin 'yan sa'o'i. A fara ba shi ruwan gishiri da sukari nan take: lita 1 ta tafasasshen ruwa da ya huce, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri, ko a sayi na ƙunshi a kemis. Yana sha ana neman abin hawa. A yankin da ba kowa ke yarda ya hau hanya bayan magariba ba, wanda gudawa ta kama da rana kada a ce a bari a ga yadda zai kwana, a kai shi asibiti tun da sauran haske.